Cokalin Kuku da Ƙodar 'Yarsa

SHAFI NA 31

Jama'a, na ga saƙonninku tun jiya, har wayata ta ɗauki zafi. Masu cewa Malama ta cika zafin kai, da masu rantsuwa cewa Kuku zubar da maganinsa yake yi, kowa ya ajiye sandarsa tukuna ya karanta. Ke kuma da kika ce in wani abu ya sami tsohon nan sai kin nemo gidanmu, na ji, Allah ya kawo ki lafiya.

*

Takwas saura kwata Malama ta shigo kicin ɗin masana'antar, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Kuku yana tsaye gaban manyan tukwanensa shida, takunkumi a fuska, farar rigar girki ta yi masa yawa saboda rama. Yana ganinta gabansa ya faɗi, amma ya yi ta maza ya saki murya.

"Uwata, lafiya da sassafe haka? Makarantar fa?"

"Na nemi uzuri. Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ya maigidan naki? Ya jikana?"

"Suna lafiya. Zuwa na yi in ga ka sha magani."

Ai ya sani. Wata bakwai ke nan da aka ciro ƙodar yarinyar nan guda aka dasa masa, ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta kuma ta riga mu gidan gaskiya. Shekaranjiya likita ya shimfiɗa takarda a gabansu, ya ce maganin da ke hana jikinsa yaƙar baƙuwar ƙodar ba ya isa cikin jininsa. Wata uku ke nan awon yana sauka, an ƙara masa ƙwaya har sau biyu amma shiru kake ji, ga kitsen jini kuma ya hau. Aka sa allura aka tsakuro ɗan guntun ƙodar don a duba, aka ce yau sakamako zai fito. Likita ya ce, "Baba, ko dai ba ka sha, ko akwai abin da ba ka faɗa mini ba." Kuku ya rantse har da ɗaga yatsa. Tun daga wannan rana 'yarsa ba ta ƙara kallonsa ido cikin ido ba, abin da ya fi allurar yi masa ciwo ke nan.

Agogon bango ya buga takwas.

Ya wanke hannu, ya ciro 'yar robar magani daga aljihu, ya zazzage ƙwayoyin a tafinsa ya miƙa mata.

"Ƙirga."

"Baba..."

"Ƙirga mana, ba abin da ya kawo ki ke nan ba?"

Ta ƙirga. Huɗu ne cif. Ya sauke takunkumi, ya watsa su a baki, ya bi da ruwa, har ya buɗe mata baki ya ɗaga harshe kamar yaron da ake zargi da ɓoye alewa.

"Kin gani? Haka nake yi kullum ta Allah. Cikina wayam, ko shayi ban kurɓa ba. Takardar asibiti ta ce kada in ci komai awa ɗaya kafin magani da awa biyu bayansa. Ni da abinci sai sha ɗaya."

Daga bakin famfo wata murya ta taso. Gwaggo Rediyo ce, tsohuwar da ke wanke-wanke a kicin ɗin shekara ashirin, wadda ba a taɓa jin batirinta ya ƙare ba.

"Ni shaida ce, 'yar nan. Agogo ma sai ya yi latti, amma Oga ba ya yi. Ki zauna ga kujera, kin tsaya ƙiƙam kamar mai jiran mota."

Malama ta zauna. Kunya ta fara kama ta, ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Kuku kuwa wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, ya ce a ransa yau dai an wanke shi. Da wannan farin cikin ya juya ga aikinsa, ya zaro ƙaramin cokalin nan nasa daga aljihun ƙirji.

Tukunyar farko miya ce, ta mutum ɗari huɗu. Mai ya taso ya kwanta a kanta ja wur. Bai juya ba, daga sama ya ɗiba, ya hura, ya kai baki, ya lumshe ido.

"Gishiri ya yi baya. A ƙara cikin tafi biyu."

Ya ɗauraye cokalin ya matsa tukunya ta biyu. Ya ɗiba. Ya koma ta farko bayan an ƙara gishiri, ya sake ɗiba. Ya je kaskon suya, ya tsinci wata 'yar tsoka mai kitse a gefe, ya tauna don ya ji ko wuta ta ratsa ta. Aka buɗe sabuwar jarkar mai, ya tsoma cokali ya sha don ya ji ko ya tsufa a sito. Romon ƙashi, cokali biyu. Ƙwan da aka soya da man shanu na manyan ofis, loma guda.

Bai lura da lokacin da 'yarsa ta miƙe tsaye ba.

"Baba."

"Na'am, ina zuwa, bari in ji wannan."

"Baba, goma sha bakwai."

Ya waiwayo da cokali a hannu. "Goma sha bakwai na me?"

"Cokali goma sha bakwai, da tsoka uku. Takwas da minti ashirin yanzu."

Ya yi 'yar dariya, don shi har ga Allah bai ga abin tashin hankali ba.

"Haba Uwata, wannan ai ɗanɗano ne."

"Ina yake tafiya?"

"Me?"

"Abin da ka ɗanɗana. Ina yake tafiya? Tofarwa kake yi?"

"A tofar da abinci? Subhanallahi. Shekara talatin da ɗaya ina girki ban taɓa..."

Ya sauke cokalin a hankali. Masu yankan albasa sun tsaya da wuƙaƙe a hannu, kowa ya zuba ido. Malama ta dube su, ta dubi ubanta, ta sassauta murya.

"Mu shiga daga ciki, Baba."

*

Sito ɗaki ne ƙarami marar taga. Buhunan shinkafa a jere, jarkokin mai a kusurwa, sai wani tsohon firji mai gurnani. Akwai wani akwatin katako a bayan ƙofa da kular abincinsa a kai. Nan yake zama kullum sha ɗaya ya ci dafaffen kifinsa da ganye, ba suya, sai ɗan ɗigon man zaitun da malamar abinci ta asibiti ta yarda da shi. Cokalinsa daban, kwanonsa daban, ƙofa a rufe.

Ta rufe ƙofar ta jingina da ita.

"Ka tuna abin da matar nan ta asibiti ta ce?"

"Ta ce abubuwa da yawa."

"Ta ce maganin nan ba ya shiri da maiƙo. In ya tarar da mai a ciki, ko mai ya biyo shi, ba ya shiga jini yadda ya kamata. In bai shiga ba, sojojin jikinka su farka su ga baƙuwa, su far mata. Ta ce kitse da suya su ne ke ƙara musu wuta, su toshe hanyoyin jinin da ƙodar ke sha. Har zane ta yi mana a takarda, Baba. Kana gyaɗa kai."

"Ci ta ce. Ta ce kada in ci. Ni ban ci ba."

"To me ka yi yanzu?"

"Aiki na yi!"

Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so. Ya zauna a kan akwatin.

"Uwata, ci shi ne mutum ya wanke hannu, ya zauna, ya yi bismilla, a sa masa kwano a gaba. Littafin da suka ba ni in riƙa rubuta abin da na ci, ki je ki duba, ko gyaɗa guda ban ɓoye ba. Wannan kuwa... kafinta in ya shafa katako da hannu, sai a ce ya yi me? Ban taɓa lissafa shi a abinci ba, wallahi ko a mafarki."

"Me ya sa daga sama kake ɗiba, inda man yake?"

"Nan gaskiyar miya take. Yaji da gishiri da ƙauri duk a mai suke taruwa. Wanda ya koya mini haka ya koya mini."

Ta rufe fuska da tafukanta. Ya ɗauka kuka za ta yi, sai ya ji wata irin dariya marar daɗi.

"Ka san me na yi ta saƙawa kwana biyun nan? Na ɗauka zubarwa kake yi. Na ce Baba ya gaji da duniya, so yake ya bi Mama, ya rasa yadda zai faɗa mini. Na kwana ina jin haushinka, na tashi ina jin haushin kaina. Da ma zubarwar kake yi, da na san da wa zan yi faɗa."

"Ni in zubar da abin da aka yanka ki saboda shi?"

"Wata uku ban ɗauki ɗana ba, Baba. Yana miƙo hannu ina kauda kai, don an ce kada in ɗaga abu mai nauyi. Ban taɓa faɗa maka ba, don ban yi don a gode mini ba. Amma yau ina zaune ina kallo kana shanye ta cokali-cokali."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya dubi cokalin da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Aka turo ƙofa. Gwaggo Rediyo ce, hannu duk kumfa, wai ta zo ɗaukar sabulu, alhali sabulu yana can bakin famfo.

"Ni ba shiga sharo ba shanu zan yi ba," ta ce, ta kuwa shigo ta tsaya. "Amma 'yar nan, ki yi masa a hankali. Mutumin nan da kike gani, da can in sha ɗaya ta yi, tire guda muke haɗuwa mu goma sha biyu, shi ne mai rabon nama, shi ne mai ba'a. Yanzu fa? Mu muna can muna shewa, shi yana nan shi da firji. Ranar nan na leƙo na tarar yana yi wa kula magana."

"Gwaggo, je ki ga aikinki," in ji Kuku.

"Na tafi. Ni dai na faɗi tawa."

Ba ta tafi ba, ta dai matsa bakin ƙofa.

Kuku ya juya ga 'yarsa.

"An ce in guji taro, na guda. An ce kada in ci da kowa a kwano ɗaya, na bari. Abokaina sun zo gaisuwa sati biyun farko, suna tsayawa daga bakin ƙofa kamar masu kallon mai ƙyanda, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifinsu ba, da can abinci ke tara mu, yanzu me zan ba su, dafaffen kabeji? Ke kina zuwa da yamma ki ajiye kula, ki duba robar magani, ki ce Baba sai gobe. Minti goma. Sauran awa ashirin da uku da minti hamsin ni da bango ne."

"Baba, ina da aiki, ga yaro..."

"Ban ce kin yi laifi ba. Faɗa miki nake yi. In na kai cokalin nan baki na ce ya yi, mutum ɗari huɗu za su ci abin da harshena ya taɓa. Shi ke nan cin abincin da ya rage mini da mutane. In kin karɓe shi, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

Hawaye suka fara bin kumatunta. Tausayinsa ya kama ta, har ta ɗaga ƙafa za ta matso kusa da shi.

Sai ta tsaya.

Malamar lissafi ce, kuma lissafi ba ya barin mai shi ko a cikin kuka.

"Tsaya, Baba. Sati uku ke nan da likita ya ba ka izinin komawa aiki."

"Haka ne."

"Awon kuma wata uku ke nan yana sauka."

Ya kauda kai.

"In ɗanɗanon nan ne, ai sati uku ne kawai. To kafin nan me ya hana maganin shiga?"

Gwaggo Rediyo, wadda ba a taɓa jin ta rasa abin faɗa ba, ta shiga goge hannu a zaninta tana kallon silin.

A daidai nan tsohon firjin ya yi wata 'yar shaƙuwa, ya yi ƙwas-ƙwas sau biyu, sannan ya ci gaba da gurnaninsa. Malama ta juya a hankali ta dube shi.

"Na san wannan ƙarar."

"Firji ne, duk haka suke," in ji Kuku da sauri.

"A'a. Kullum takwas in na kira ka in ce ka sha magani, ina jin ta a bayanka. Na tambaye ka, ka ce injin maƙwabcinka ne." Ta matso. "Tun yaushe nake jin ta, Baba? Tun kafin hutun makaranta nake jin ta."

"Uwata..."

"Tun yaushe ka dawo kicin ɗin nan?"

Ya buɗe baki, ƙarya ta ƙi fitowa. Ya gaji da ita, wata huɗu yana ɗauke da ita shi kaɗai.

"Wata huɗu."

"Innalillahi."

"Rabin yini kawai nake yi. Shida in fito, ƙarfe ɗaya ina gida. In yi wanka sau biyu don kada ki ji ƙaurin hayaƙi, in sa jallabiya in kwanta kafin ki zo. Da farko na ce leƙowa kawai zan yi in gaishe su. Na tarar sabon kukun da aka ɗauka yana zuba ruwa a miya kamar mai ban-ruwan lambu. Na ce bari in ɗanɗana sau ɗaya."

"Gwaggo, kin sani?"

"Ya sa mu rantsuwa, 'yar nan. Mu kuma mun ga ya fara dariya, ya fara ƙiba a fuska, muka ce ai lafiya ce ta samu. Wa ya san mai zai yi faɗa da ƙwaya? Mu a saninmu maiƙo ke gyara mai jinya."

Malama ta zame ta zauna a kan buhun shinkafa. Ba ta yi ihu ba, shi kuwa ya fi son ta yi. Uba da 'ya, taku biyu ne tsakaninsu, amma bai taɓa jin ta yi masa nisa irin na yau ba. Ya so ya ce ta yafe masa, sai ya ga kalmar ta yi ƙanƙanta.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

Duk su ukun suka dubi jakar. Ta ciro wayar, ta duba, ta dubi ubanta.

"Likita ne."

Ta danna ta sa a lasifika don ya ji.

"Malama, ina kwana. Kina tare da Baba?"

"Muna tare, likita. Kafin ka ce komai, akwai abin da za ka sani. Yana shan maganin, da idona na gani. Amma yana gama sha yake fara ɗanɗana girki. Mai ne zalla, da kitse, ya kai cokali ashirin."



"Kullum?" in ji likita.

"Kullum, ban da ranar hutu."

"To ai sati uku ne da komawarsa aiki. Abin da nake gani a takardar nan ya girmi sati uku."

Ta rufe ido. "Wata huɗu ne, likita. Yanzu nake ji."

Aka ji ana buɗe takardu a can ɓangaren. Kuku ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Likita, ni ne. Na bari daga yau. Wallahi na bari. Ga cokalin nan ma zan ba ta ta tafi da shi."

"Na ji, Baba," in ji likita, da wata irin murya mai laushi da Kuku bai taɓa jin ya yi masa ba. "Kada ka ƙara sa komai a baki, ko ruwa. Ku taho yanzu, a haɗo maka kayan kwana. Malama?"

"Na'am."

"Cire ni daga lasifika, ki ɗan matsa daga kusa da shi. Ke nake so in yi wa magana."

Ta miƙe. Ba ta dube shi ba. Ta kama hannun Gwaggo Rediyo suka fita tare, ta ja ƙofar ta rufe.

Ya rage shi kaɗai a kan akwatinsa. Daga can cikin kicin wani ya ɗaga murya, "Oga, miyar ta yi? A sauke?"

Kuku ya tashi a hankali, ya lallaɓa ya kara kunnensa a jikin ƙofar. Ba ya jin likita, numfashin 'yarsa kawai yake ji. Ta ce to. Ta sake cewa to. Sai muryarta ta karye.

"Likita, kada ka ɓoye mini. Kashi nawa ya rage a cikin ƙodar?"